Amsar Malam kan man jirgi mai saukar ungulu

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, wai da gaske kuskuren zuba mai kaɗai yana kayar da jirgi mai saukar ungulu, ko hukuma ce ke fakewa da shi. To ni na san inda ka dosa, so kake ka ce ai mai mai ne. Ina!

Iri biyu ne fa. Akwai Jet A-1, kananzir ne tatacce, shi jirage masu injin tabain, irin na jet, ke sha. Akwai kuma abgas, fetur ne, da gangan ake rina shi shuɗi don kar a ruɗe. Ka ɗauki jiragen nan masu saukar ungulu, Robinson R44 da R66, daga nesa kamar Hassan da Usaini, amma na farkon fetur yake sha, ɗayan kananzir. Ka ɗura wa R44 kananzir, zai tashi lafiya lau, don akwai ragowar fetur a bututun mai. Sai ya ɗaga sama sannan injin ya fara nokin.

Amma ni ruwa na fi tsoro. Ruwa ya fi mai nauyi, gindin tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Shi ya sa kullum da safe ake tsiyayo mai a kwalba, a ɗaga ta a haske a duba. Lokacin ina aiki an taɓa kai mana durarruka wani ƙauye, aka bar su a tsaye damina na dukansu. Ruwa ya kwanta a kan murfi, da rana duro ya ɗau zafi, da dare ya huce ya shaƙe ruwan. Ai kwantar da duro ake yi! Na tsiyaya, ga ruwa nan ƙwaya-ƙwaya a gindin kwalba. Na ce ba za a zuba ba. Oga ya ce manya na jira, ina ɓata masa lokaci. Har takardar gargaɗi aka ba ni, wallahi tana nan a jakata har yau. Kuma mutumin nan ko a wajen ɗaurin aure muka haɗu... to, a bar wannan.

Kun manta Yola a 2023? Ruwa aka yi ta tsiyayowa daga tankin jirgin fasinja, bidiyon ya zaga ko'ina. Allah ya sa yana ƙasa.

Ga na birnin Gilasgo a Birtaniya a 2013, jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu ya faɗo kan mashaya, mutum 10 suka rasu. Shi ma... a'a, bari in gyara, wannan ba wajen zubawa ba ne. Man na nan a babban tanki, famfunan da ke tura shi aka tarar a kashe.

Kuma Malam, ba kai ne motarka ta kwana wajen bakanike a 2022 ba, lokacin gurɓataccen fetur ɗin nan? Kai da ka samu gefen titi ka faka ke nan. An kira sallah, sauran sai anjima.