Tambaya da Amsa: In an ɗauke wuta, danjar jirgin ƙasa ma mutuwa take yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni daga Ƙaura Namoda nike rubutowa, gidanmu ba nisa da tsohuwar tashar jirgi. Kwanaki na shiga jirgin Kaduna zuwa Abuja sai na ga danjoji a bakin layi suna ja suna kore, nace to wai a ƙasar nan da wuta ba ta da tabbas, in aka ɗauke mi za ya faru, ba sai jirage su yi karo ba? Wani abokina yace ai jirgin da dizal yake tafiya babu ruwanshi da wuta. Don Allah a warware mana.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Kan jirgin dake jan taragu tsakanin Rigasa da Idu, layin da aka buɗe a 2016, dizal yake sha, shi yasa ba zai tsaya cak a daji ba irin yadda jiragen Sifen da Fotugal suka yi ranar 28 ga Afrilu 2025 da wutarsu ta ɗauke gaba ɗaya, su yawancin nasu da lantarki suke tafiya. Amma danja da injin canza layi da kwamfutar ɗakin kula duk wuta suke ci.

Layinku na Ƙaura da ya taso daga Zariya ya bi Funtua da Gusau tun 1929 ya iso, kuma a irin wancan tsohon tsarin ƙarfin hannu ne ke aiki, mutum ya ja liba, wato doguwar sandar ƙarfe, waya ta ɗaga hannun sigina, wato danjar lokacin, da dare a kunna fitilar kananzir. Tambayi dattawan unguwarku da suka yi aikin reluwe zaka sha labari.

Sabon tsari kuwa dabararsa ta burge ni tun ranar da na fahimce ta. Ita dabarar tsohuwa ce, wani Ba'amurke William Robinson ya ƙirƙiro ta tun 1872. Ana sa ƴar ƙaramar wuta ta bi ta cikin ƙarafan layin guda biyu, can ɗaya ƙarshen akwai wani makunni mai maganaɗisu wanda wutar ce ke riƙe shi a sama, muddin yana sama danja na iya nuna kore. Da jirgi ya hau wannan yanki sai ƙafafunsa na ƙarfe su haɗe layukan biyu, wuta ta daina isa, makunnin ya faɗi, danja ta koma ja. To ka ga ko jirgi ne ya hau, ko ƙarfen layi ne ya karye, ko wuta aka ɗauke, duk faɗuwa zai yi. Da gangan aka gina shi haka, duk abinda ya lalace ya lalace ta ɓangaren tsayawa. In ma fitilar ta mutu ƙurmus dokar direba ita ce ya ɗauke ta a matsayin ja.

Abinda yafi ba ma'aikata ciwon kai shine wuta ta yi lo, ko ta ɗan ƙifta ta dawo, irin wadda ke sa fanka ta yi ta nishi firij ya yi ta ƙara. Ƙiftawa ɗaya ta isa makunni ya faɗi, direba na tafe da gudu yana ganin kore sai kawai ta rikiɗe ja a gabansa, ya danna birki fasinja su yi ta salati, kuma jirgi ba mota bane, yana iya cin kusan kilomita kafin ya tsaya. Injin canza layi in wuta bata da ƙarfi sai ya maƙale a tsakiya, bai tafi ba bai dawo ba, danja ta ƙi bada hanya har sai wani ya je ya murɗa da hannu ya ɗaure. Kwamfuta ma in ta mutu ta taso sai an jira an sake tabbatar mata ina kowane jirgi yake. Ga tsawa da damina, ga ɓarayin waya masu neman jan ƙarfe, waɗannan ni a wurina sun fi ɗaukewar wuta sharri.

Shi yasa ba'a jona sigina da wutar gari kai tsaye a kwanta barci, sai an sa batura masu karɓa nan take kamar inbatar gida, da janareta a bayansu, wani wurin har da sola. Sai dai kai ma ka san zafin Zamfara a watan Afrilu da yadda yake cinye batir, in ba'a gwadawa ana canzawa ranar da ake nemansa minti kaɗan zai yi.

Maganar karo kuma, inda nake jin tsoro shine bayan danja ta tsaya a ja awa ɗaya awa biyu, fasinja na ta ƙorafi, sai a koma bada izini da baki ta rediyo, jirgi ya wuce ja a hankali. A lokacin babu makunnin dake tsare kowa, sai natsuwar mutum biyu da suke magana, direba da mai bada izini. In ka sake shiga jirgi ka ga ya tsaya tsakiyar daji gaban jar fitila, ka ɗan yi haƙuri da direban, umarni yake jira.