Ina da ƙiba amma gwajin kitsen jinina ya fito lafiya, na tsira ke nan?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa a Kejetia, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Shekaruna 49, nauyina kilo 92, tsawona mita 1.60, kuma tun haihuwata ta uku jikin nan bai sake sauka ba. 'Yata da ke aure a Amsitadam ce ta matsa mini na je na yi gwajin kitsen jini. Ga abin da ya fito: TG 0.9, HDL 1.4, LDL 3.4, jimla 5.2. Mai gwajin ya ce ba laifi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Ba'indiyen da nake sarin kaya a wurinsa a Adum siriri ne, ko rabina bai kai ba, amma ya ce TG ɗinsa ya haura 3, kullum yana kan magani. To ashe ƙiba ba ruwanta da kitsen jini? Ni na tsira ke nan?

Wata Hajiya daga Aboabo

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa 'yarki albarka da ta tura ki gwajin nan. Sakamakonki ya fi na mutane da yawa kyau, amma ba zan ce miki kin tsira ba, domin a jikin irinmu, mu 'yan Afirka ta Yamma, takardar nan ba ta cika tona asirin ƙiba ba.

Mu fara da abin da ke kan takardar. TG shi ne tiragilisarid, wato maiƙon da hanta da hanji ke zubawa cikin jini don a kai wa gaɓoɓi su ƙona ko su adana, kuma ana son ya kasance ƙasa da 1.7. LDL shi ne kolestarol ɗin da ke maƙalewa a bangon jijiyoyi har ya ƙuntata hanyar jini. HDL kuwa yana kwaso kolestarol ya mayar wa hanta, ana son na mace ya kai 1.3, na namiji ya kai 1.0. Idan ƙiba ta taɓa jini, abin da ta saba yi shi ne ta ɗaga TG ta saukar da HDL. LDL ba ya bin sikeli sosai, ya fi bin gado da irin man da ke shiga tukunya. Shi ya sa siriri kan iya kwana da LDL mai yawa bai sani ba.

Sannan ba kowane kitse ne ke wannan aika-aikar ba. Na san kin sha gyaran kayan cikin rago ranar layya. Akwai kitsen da ke kwance ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ke lulluɓe da hanji kamar raga. Haka jikin ɗan Adam yake. Kitsen cinya da na mazaunai rumbu ne mai kyakkyawan rufi, abin da aka zuba masa yana riƙewa. Kitsen cikin ciki kuwa rumbu ne mai yoyo, kuma jinin da ke fitowa daga wajensa kai tsaye hanta yake nufa. Idan maiƙo ya yi wa hanta yawa, wani ta tara shi a jikinta, wani ta ƙunsa ta tura cikin jini, sai TG ya hau. Daga nan ƙwayoyin HDL su yi musanyen kayansu da wannan maiƙo, su ƙanƙance, jiki ya yi saurin kawar da su, sai HDL ya sauka. Mutum biyu za su iya hawa sikeli ya nuna kilo ɗaya, amma jininsu ya sha bamban, don ɗaya a cinya ya ajiye, ɗaya a hanji da hanta.

A nan ne asali ke shigowa. Mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash, a jimlace, suna da ƙarancin tsoka da saurin tara kitse a ciki da hanta ko da ba su yi jiki ba. Don haka TG mai yawa da HDL ƙasa-ƙasa da ciwon suga ke kama su tun suna sirara a ido. Abin ya kai ga a 2004 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a fara sa wa mutanen Asiya ido tun ma'aunin BMI, wato awon nauyi a kan tsawo, yana 23, a ɗauki 27.5 a matsayin babban haɗari, alhali ga sauran jama'a 25 da 30 ake amfani da su. Abokin cinikinki na Adum ba abin mamaki ba ne a cikin danginsa, kuma ya kyauta da yake shan maganinsa.

Mu kuma abin ya juya. An daɗe ana gani, a nan nahiyar da kuma tsakanin baƙaƙen Amurka da na Ingila, cewa mai tsatson Afirka ta Yamma yakan fi Bature mai nauyi irin nasa ƙarancin kitsen hanji da na hanta. Wani bincike a birnin Dalas na Amurka, da aka wallafa a 2004, ya auna kitsen hanta da na'ura, ya same shi ya wuce kima a kashi 45 cikin ɗari na 'yan asalin Latin Amurka, kashi 33 na fararen fata, kashi 24 na baƙaƙe, duk da cewa ƙiba ba ta yi ƙaranci a baƙaƙen ba. Ƙari a kan haka, sinadarin da ke share maiƙo daga jini ya fi kuzari a jikinmu. Sakamakon shi ne mace irinki ta kai kilo 92, TG ɗinta yana zaune a 0.9.

Wannan alheri ne, ban musa ba. Sai dai yana da illar da ke damuna a wurin aiki. A Turai likita kan kalli hawan TG da saukar HDL ya gane cewa jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke saukar da sugan jini, ciwon suga na tafe. A wurinmu wannan alamar takan yi shiru. Mutum na iya kasancewa a bakin ciwon suga, ko hawan jini ya riga ya kama shi, TG ɗinsa kuma tsaf. Iyakar 1.7 ɗin nan ma daga binciken da aka yi galibi a kan Turawa aka samo ta. Haka awon ƙugu: a 2005 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta yanka wa Turawa santimita 94 ga maza da 80 ga mata, ta yanka wa mazan Kudancin Asiya 90, mu kuwa aka ce mu ari na Turawa kafin a tara bayanai a kanmu. Da rigar aro ake auna mu, ba mamaki idan ba ta zauna daidai ba.

Kada kuma a ɗauka komai gado ne. Tsakanin 2012 da 2015 an yi wani babban bincike mai suna RODAM, ƙarƙashin Farfesa Charles Agyemang, aka gwada 'yan Gana a ƙauyukan yankin Ashanti, da Kumasi da Obuasi, da waɗanda ke zaune a Amsitadam da Balin da Landan. Jini ɗaya, wurin zama daban. Ƙiba a matan ƙauye ta kai wajen kashi 8 cikin ɗari, a matan birni wajen kashi 34, a Landan ta haura rabi. Hawan LDL ya fi yawa a birni da Turai, ƙarancin HDL kuwa a ƙauye ya fi yawa, inda ƙibar ta fi ƙaranci. Wato abinci da zirga-zirga da yanayin rayuwa suna da nasu hannun, kuma sikeli shi kaɗai ba ya ba da labarin jini. 'Yarki ma tana cikin wannan lissafi, ki ce mata ta gwada nata.

Yanzu mu dawo kanki. Idan aka raba kilo 92 da tsawonki sau tsawonki, BMI ɗinki ya kusa 36, ya wuce 30 da nisa. Lambar da na fi tsayawa a kanta a takardarki ita ce LDL 3.4. Ga matashiya marar wata lalura ba abin tashin hankali ba ne. Ga mace mai shekara 49 da ke dab da ɗaukewar al'ada, lokacin da LDL kan ƙara hawa kuma kitse kan fara ƙaura daga cinya zuwa ciki, ya ɗan haura inda nake so. Idan aka same ki da ciwon suga, ko an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya da wuri a gidanku, to wannan 3.4 ɗin kan iya sa likitanki ya ba ki maganin sitatin mai rage LDL, kuma idan ya ba ki ki karɓa. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Gana da Nijeriya, har da na Kumasi da na Kano, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a mutanenmu, rikicewar kitsen jini na biye da shi. Abin da ke kwantar da iyayenmu mata a zango ke nan, kuma ba ya sallama kafin ya shigo.

Don haka kafin wata ya ƙare ki auna hawan jini, ba sau ɗaya ba, a ranaku daban-daban, kina zaune kin huta. Ki yi gwajin suga da safe kafin karyawa. Ƙugu kuwa a shagonki ma za ki iya: ki yanki igiya daidai tsawonki, ki ninka ta biyu, ki zagaya cikinki ɗan sama da cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, ƙugunki ya wuce rabin tsawonki, wato santimita 80 a wurinki, kuma wannan ya fi sikeli gaya mini gaskiya. Idan hali ya yi, a duba ƙoda da tayirod, halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, domin rauninsu kan ɗaga kolestarol.

Batun abinci, ba zan ce ki bar wake da shinkafa ko tuwon zafi ba. Wake da gero da kuɓewa da ayoyo suna cikin abubuwan da ke taimakawa wajen rage LDL. Matsalar tana cikin ludayin mai. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga LDL, man kwakwa da alayyadi sun haura kashi 80, man gyaɗa kuwa bai wuce kashi 20 ba. Ki rage man da ke yawo a kan miya da shito, ki sa kifi ya fi kitsen nama da man shanu yawa a mako. Ƙosai da pinkaso da masa su zama na marmari. Sukarin da ke cikin koko da shayi mai madarar gwangwani da lemon kwalba ba ya ɗauke da kolestarol, amma hanta na mayar da rararsa maiƙo, kuma shi ne ke gina kitsen cikin da muke gudu.

Ba sai kin koma jikin 'yanmatanci ba. Rage kashi 5 zuwa 10 na nauyi, wato kilo 5 zuwa 9 a wurinki, yana saukar da hawan jini da suga yadda za a gani a awo, kuma kitsen ciki da na hanta na cikin waɗanda ke saurin narkewa. Zaman shago daga safe zuwa la'asar shi ne babban abin da za ki karya. Tafiyar minti 30 da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ta isa farawa, ko da sauka daga mota za ki riƙa yi kafin tasharki ki ƙarasa da ƙafa. Ki guji shayin rage ƙiba da ake talla a kasuwa, ba a san abin da ke cikin mafi yawansu ba, kuma hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyinsu.

Bayan wata shida ki sake gwajin kitsen jinin, ki tafi wurin likita da tsohuwar takardar da sabuwar, tare da awon hawan jini da na suga da na ƙugu a rubuce, a duba su gaba ɗaya. Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa kasuwa.