Shin sifektiram ɗin Laplas yana jure homotofi?

Tambaya: Malam, idan rufaffun manifol biyu (siffofi masu santsi marasa baki, kamar da'ira) sun yi daidai ta fuskar homotofi, wato ana iya lanƙwasa ɗaya ya koma ɗayan ba tare da yagewa ba, lambobin aigen na Laplas ɗinsu, wato sifektiram ɗinsu, za su zo iri ɗaya?

Amsa: A'a. Lambobin aigen ma'aunin nisa suke bi, wato metirik. Ɗauki da'ira mai tsawon L, lambobinta su ne (2πk/L)², inda k take 0, 1, 2 da sauransu. Ka ninka tsawon sau biyu, kowace lamba ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, da'ira kuwa tana nan da'ira.

Sifili ne kawai bai motsa ba, kuma nan maganar take. Ka'idar Hodge ta ce yawan fom masu hamonik a mataki p, wato waɗanda lambar aigen ɗinsu sifili ce, daidai yake da lambar Betti ta p, mai ƙirga ramukan manifol a wannan mataki, wadda homotofi ba ya taɓawa. Torus, siffa mai kama da tayar mota, zai ba ka 1, 2, 1 ko ka miƙe shi ko ka matse shi. McKean da Singer sun nuna wani abu makamancin haka a 1967: idan ka tara Tr(e^(−tΔp)), wato jimillar e^(−tλ) bisa lambobin aigen λ na Laplas a mataki p, kana sauya alama daga mataki zuwa mataki, d, mai kai fom daga mataki p zuwa p+1, yana haɗa kowace lambar da ba sifili ba da takwararta a matakin da ke maƙwabtaka, sai su soke juna. Lokacin t ya ɓace, lambar Euler, wato jimillar lambobin Betti da alama mai sauyawa, ce ta rage.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa duk abin da bai dogara ga metirik ba ya jure homotofi ke nan. Ba haka ba ne. Toshan (torsion) ɗin Ray da Singer na 1971 wata lamba ce da ake ginawa daga sifektiram, kuma Cheeger da Müller, kowa da hanyarsa, sun tabbatar daidai yake da toshan ɗin Reidemeister, wanda bai dogara ga metirik ba. Yanzu duba sararin lens L(7,1) da L(7,2), rufaffun manifol biyu masu ɓangare uku. Homotofinsu ɗaya, domin hakan na faruwa idan 1×2 ta zama murabba'in wata lamba a lissafin saura bisa 7, kuma 2 daidai take da 3² a nan. Amma toshan ya raba su, don haka babu homiyomofizim tsakaninsu, wato ba siffa ɗaya ba ce a topoloji. Lambar rho, da ake samu daga bambancin lambobin eta biyu na Atiyah, Patodi da Singer, waɗanda su ma daga sifektiram ake gina su, ita ma tana raba su.

Saboda haka fara da duba rukunin tushe π₁, wato rukunin madaukan da ke cikin manifol. Na waɗannan lens ℤ/7 ne, kowane ɗan rukuni yana dawowa mafari bayan ninki bakwai, kuma ta wannan ƙofa bambancin ke shiga. Idan rukunin ba shi da irin waɗannan 'ya'ya, kuma ya cika sharaɗin Baum da Connes a sigarsa mafi faɗi, Keswani ya tabbatar rho tana jure homotofi.