Na wuce shekarun balaga, ƙurajen fuska sun ƙi barina

Tambaya: Likita, shekarata 29, amma ƙuraje ba su daina fito min a haɓa da muƙamuƙi ba, musamman idan al'adata ta kusa. Sau biyar nake wanke fuska a rana, har da soso. Datti ne ko me?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye soson nan tukuna. Ba datti ba ne. Sinadaran jiki da ake kira hormon ne ke sa fata ta yawaita maiƙo, maiƙon ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayar cuta ta samu wurin zama, sai kumburi. Dirza fuska ƙara fusata ƙurajen take yi. Sau biyu a rana ya isa, da hannu.

Ki fara da man benzoyl peroxide mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, ɗan kaɗan da daddare. Yana koɗar da launin tawul da rigar matashi, ki sa tsofaffi. Inda mutane ke faɗuwa shi ne gaggawa: sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji, ni kuwa na sha ganin masu jefar da shi a kwana goma.

Matsa ƙurji kuwa, baƙin tabon da yake bari ya fi shi daɗewa, wani har watanni.

Idan al'adarki na rikicewa ko gashi na tsiro miki a haɓa, ki je a duba mahaifar ƙwai (inda ƙwan mace ke fitowa), don matsalar hormon na iya tasowa daga can. In kina da ciki ko kina nema, kada ki taɓa magungunan ƙuraje da ake kira adapalene ko isotretinoin.