Tambayoyin Masu Karatu: Psycho ko The Exorcist?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya kaure a majalisarmu kan tsofaffin finafinan ban tsoro biyu na Amurka, Psycho da The Exorcist. Ina bambancin aikin daraktocinsu yake, kuma me ya raba kan 'yan kallo? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗaya ɓoye maka yake yi, ɗaya kuwa nuna maka yake yi har sai ka gaskata.

Alfred Hitchcock, a Psycho na 1960, shi ne mai ɓoyewa. Kisan da aka yi wa jarumar fim ɗin a banɗaki daƙiƙa 45 ne kawai, amma an shafe kusan mako guda ana ɗaukarsa, aka yanyanka hoton fiye da sau 50. Ido bai samun sukunin tsayawa kan wuƙar, sai zuciya ta cike gurbin da kanta. Jinin ma ruwan cakulan ne, don ya fi fitowa a hoton baƙi da fari. Kiɗan Bernard Herrmann na kayan tsirkiya ne zalla, kuma in ka kashe sauti, rabin tsoron ya tafi. Hitchcock ya hana a shiga sinima bayan an fara fim, saboda jarumar, Janet Leigh, tana mutuwa tun ba a kai rabi ba. Raunin wannan salo shi ne, da zarar an faɗa maka ƙarshen labarin, an rage masa kaifi.

William Friedkin, a The Exorcist na 1973, daga finafinan rahoto ya taso, shi ya sa ya ja lokaci yana nuna gwaje-gwajen asibiti da aka yi wa wata yarinya da aljani ya shiga jikinta kafin a kira malaman coci. Ya sa an sanyaya ɗakin yarinyar har numfashi na fita kamar hayaƙi, Mercedes McCambridge kuma ta yi muryar aljanin. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar 2, har da ta sauti.

Mai son wasa ƙwaƙwalwa Psycho zai zaɓa, domin da ya gane sirrin Norman Bates, mai masaukin baƙi na cikin fim ɗin, hankalinsa ya kwanta. A ganinmu The Exorcist ya fi girgiza mai kallo Bahaushe, tunda shafar aljanu da ruƙiyya ba baƙin abubuwa ba ne a wurinsa. Sai dai akwai batsa da kalaman saɓo a cikinsa, kada a kunna shi gaban yara.