Igiyar ƙasa, barcin kasa da ƙoramar da kan ciko ba hadari

Wani matashi mai kiwo a duwatsun Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa, ya aiko yana tambaya: me ya sa kakarsa ba ta ambaton maciji da dare, sai ta ce "igiyar ƙasa"? Kuma mece ce kasar da ake cewa wane ya cika barci kamar ta?

Ɗana, abin da kakarka ke yi sakaya suna ne. Bahaushe na ganin kiran mugun abu da sunansa cikin duhu gayyato shi ne, don haka sai ya ce igiyar ƙasa ko majaciki. Ka kuma lura da aikatau: maciji sara yake yi, kunama harbi, kare cizo. Ina jin ciwo in na ji matasa na cewa maciji ya "ciji" mutum, domin kalmar sara ta fi nuna saurin abin.

Kasa, da k mara lanƙwasa, macijiya ce mai kauri da kan kwanta cikin busasshen ganye, ba ta gudu in ta ji tafiya. Nan aka samo barcin kasa. Amma ba barci take yi ba, lamɓo ne, kuma duk wanda ya taka ta zai ga saurinta. Wadda ta fi ɓarna a tsakanin duwatsu ita ce kububuwa, da wasu ke kira gajera. Dafinta na hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini, ko da wurin saran bai nuna wani abin tsoro ba. Karin maganar nan, "wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu", akan yi ta ga mai tsoron da ya wuce kima, amma ni a gindin dutse ina goyon bayan mai gudun. Kada ka zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutsen da ba ka ga cikinsa ba. In tsautsayi ya faru, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar maganin dafi. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don wannan.

Wata malama daga Birnin Kudu kuma ta nemi bambancin kwari, kwazazzabo da ƙorama. Kwari shi ne gangaren da ke tsakanin tuddai. Kwazazzabo rami ne mai zurfi da ruwa ya zaizaye, gefensa kan rufta. Ƙorama hanyar ruwa ce, takan bushe da rani. Malama, ki gargaɗi yaranki: da damina ruwan da aka tafka can kan tsauni kan gangaro ya cika ƙorama cikin ɗan lokaci, alhali inda suke wasa ko yayyafi ba a yi ba.