Amsa: Fassarar lakabin ƙuli-ƙuli don kasuwar Nijar da Saudiyya

Hajiya, kin tambaya ko Google Translate zai wadatar wajen fassara takardar jikin leda. Ba zai wadatar ba.

Na Nijar, Faransanci ya fi Turanci cin wuri, don haka a bar fili kafin a kai wa mai ɗab'i. Waƙafi suke sa wa awo: 1,5 kg, ba 1.5 ba. A rubuta "arachide", wato gyaɗa da Faransanci, ɓaro-ɓaro saboda masu rashin lafiyar gyaɗa. In tallar rediyo ce da Hausa, a nan ake faɗawa rami: a Maraɗi dala ashirin sefa 100 ce, jaka kuma sefa 1000, ba naira 200 irin ta Kano ba.

Saudiyya kuwa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, SFDA, ta wajabta Larabci a lakabin abinci. Matsalar da aka fi gani, manhajar zane ta wargaza haruffa, su fito a rarrabe kuma a juye. Ki sa mai fassarar ya duba samfurin da aka buga, ba fayil kaɗai ba, sannan wani daban ya mayar da shi Hausa ki kwatanta da naki.